Mutum huɗu sun ajiye mukullan bene ɗaya cikin shekara guda: ina matsalar take?

Hajiya Manaja:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a sana'ar kula da gidajen haya. Kamfaninmu ƙarami ne, muna riƙe da benaye uku a Gwarinpa da guda ɗaya a Jabi, duk a Abuja, waɗanda idan aka haɗa su filat 46 ne. A kowane bene akwai mai kula da gida ɗaya, da masu gadi biyu, da mai shara, sannan akwai mai gyaran wuta da mai gyaran famfo da suke zagaya dukkansu. Daga farkon shekarar nan zuwa yau mutum huɗu ne suka karɓi aikin kula da benen Jabi, kuma babu wanda ya cika wata uku a cikinsu. Na ƙarshen mako bakwai ya yi. Ranar Litinin da safe na je na tarar ya ƙulle mukullai a cikin baƙar leda ya bar wa maigadi, wayarsa kuma a kashe. Na bincika komai, ko ƙusa bai ɗauka ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wanda ke kula da ɗaya daga cikin benayen Gwarinpa shekararsa shida tare da mu, kuma tazarar da ke tsakanin albashinsa da na waɗannan da suke tafiya ba ta taka kara ta karya ba. Shin ni ce ban iya zaɓen ma'aikaci ba, ko kuwa akwai abin da nake yi musu ba tare da na sani ba?

Alhaji Mai Gidaje:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a Kano nake, kuma na haura shekara ashirin ina fama da wannan sha'ani. Kafin a je ko'ina, ki fara tambayar inda yaran nan suke kwana. Wanda yake aiki a Jabi a kan albashin mai kula da gida ba a Jabi yake zaune ba, ko dai yana Mararraba, ko Suleja, ko can cikin Kubwa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama shi ne yake fara cin albashin talaka kafin iyalinsa su gani. Na Gwarinpa da kike yabo, ina kyautata zaton yana da ɗaki a cikin gidan ko a kusa. Ki ware ɗaki ɗaya a baya ki ba sabon ma'aikaci, za ki ga bambanci. Na biyu, kada ki ɗauki kowa sai da wanda zai tsaya masa, mutum mai gida da iyali wanda kika san ƙofarsa. Na uku, ni nakan riƙe rabin albashin watan farko a matsayin jingina, sai mutum ya cika shekara na ba shi. Wanda ya san yana da kuɗi a hannunka ba zai ƙulle mukullai a leda ya ɓace ba.

Barista:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, na yarda da shawara ta ɗaya da ta biyu, amma ta ukun tana da gyara. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ba ta ba mai ɗaukar aiki damar zaftare albashi yadda ya ga dama ba. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi da sunan tara, kuma ko da ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, sai an samu amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire. Dokar kuma ba ta yarda tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya ba, don haka riƙe haƙƙin mutum na tsawon shekara abu ne da zai yi wuya a kare shi a gaban alƙali. Hajiya kuma ina da tambaya gare ki: a cikin mutum huɗun nan, nawa ne suka karɓi takardar ɗaukar aiki? Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, inda za a bayyana irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da wa'adin sanarwa idan ɗayanku zai rabu da ɗaya. Wanda ba a ba shi takarda ba, a ransa ɗan aikin yini ne, kuma ɗan aikin yini ba ya jin wajibi ne ya yi sallama.

Tsohon Mai Kula da Gida:
Hajiya, ki yi mini izini na yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin na yi wannan aiki shekara biyar a Abuja kafin na koma kasuwanci, kuma wurin da na fara ni ma wata biyu kacal na yi. Zan faɗi yadda ranar farko ta kasance, sai ki gwada da naki.

Na isa da ƙarfe takwas. Manajan ya miƙo mini zobe mai mukullai 31, babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna, ya nuna mini ɗakin janareta da yatsa daga nesa, ya ce idan akwai matsala na kira shi, ya shiga mota ya tafi. Kafin azahar wata mata a hawa na biyu ta kira ni ta nuna mini silin ɗin banɗakinta yana ɗiga a cikin bokiti, ta ce wanda na gada ya yi mata alkawarin gyara tun kafin azumi, ta kuma wanke ni tas kamar ni na huda bututun. Na kira manaja, ya ce zai gaya wa mai gida. Kwana goma sha ɗaya ina kewayawa ta bayan gida don kada mu haɗu da matar nan a kan matakala, alhali gyaran bai fi na 'yan dubbai ba, kuma mai gyaran famfo yana nan a bakin titi. Ba ni da izinin kashe ko sisi, amma lambata ce aka manna a bakin ƙofa. Ƙarfe biyu na dare wuta ta ɗauke, ni za a kira. Ruwa ya ƙare a tanki, ni za a zaga. Katin wayar da nake kiran manaja da shi ma daga aljihuna yake fita.

Abin da ya kore ni kuwa ƙarshen watan farko ne. Aka ce an auna man dizal an ga giɓin lita 40, aka cire daga albashina. Ranar da na kama aiki babu wanda ya sa sanda ya auna tankin a gabana, saboda haka har yau ban sani ba ko giɓin a zamanina ya faru ko na gaje shi ne. Kuɗin bai ɓata mini rai kamar yadda kalmar ta ɓata ba, domin ma'anarta an kira ni ɓarawo ke nan a gidan da nake riƙe da mukullan mutane. Ni ma ban yi sallama ba, kuma ba don rashin tarbiyya ba ne, kunyar tsayawa a yi ta ja-in-ja a kan mutuncina nake ji.

Hajiya Manaja:
Malam, maganarka ta taɓa ni, kuma ba zan ɓoye ba, rabin abin da ka lissafa yana faruwa a Jabi. Ban taɓa cire wa kowa kuɗin mai ba, amma mukullan nan da na tarar a leda, ni kaina sai da na yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Barista, amsar tambayarka ita ce babu ko ɗaya, domin al'adarmu sai mutum ya cika wata uku na gwaji muke buga masa takarda. Akwai kuma abin da ban faɗa ba tun farko saboda ban ɗauka yana da alaƙa ba. Mai benen Jabi a ƙasar waje yake zaune, kuma ya shar'anta cewa duk gyaran da za a yi sai ya amince da kansa, amsarsa kuwa takan ɗauki mako biyu ko uku. Injin da ke tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tankin sama ya tsufa, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Masu benayen Gwarinpa kuwa sun bar mana wani kaso na kuɗin hidima a hannu, muna gyara mu kai rasit daga baya. Yanzu da nake rubuta wannan ne ma na tuna cewa wancan mai shekara shida, lokacin da ya zo bene ɗaya kawai nake da shi, kuma kusan wata guda muka yi kullum muna tare, na shiga da shi kowane filat na gabatar da shi. Waɗannan huɗun ko yini ɗaya cikakke ban yi da ɗayansu ba.

Injiniya:
To, Hajiya, ai kin ba kanki amsa, ruwa ba ya tsami banza. Mutum huɗu daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, ba za su gudu daga wuri ɗaya a banza ba. Idan kika kawo na biyar alhali injin ruwan nan yana nan yadda yake, shi ma lissafin kwanakinsa za ki fara.

Ni aikina gyaran janareta da wutar manyan gidaje ne, kuma ina ganin sababbin masu kula da gida a makonsu na farko fiye da yadda manajojinsu suke ganin su. Abin da nake ba da shawara a kai shi ne a yi miƙa aiki na gaskiya, a rubuce, kafin a bar mutum shi kaɗai. A auna man da ke cikin tanki a gabansa, a rubuta adadin awoyin da agogon janareta ya nuna, shi da manaja su sa hannu. A nuna masa yadda ake juya layi daga wutar gwamnati zuwa janareta da hannunsa, ba da baki ba, domin na taɓa zuwa wani gida inda sabon yaro ya yi kuskuren juyawa ya ƙona kayan wutar filat uku, kuma da na tambaye shi sai ya ce ba a taɓa nuna masa ba. A nuna masa inda ake rufe ruwan kowane hawa, da ranar da aka yi wa janareta juyen mai na ƙarshe, da lokacin da aka kwashe sokawe. Mafi muhimmanci, a ba shi jerin duk ƙorafin da ya tarar ba a magance ba, da kwanan watan da aka kawo kowanne, domin idan ɗan haya ya tare shi ya iya cewa na sani, ga inda maganar take.

Akwai kuma batun wuta da ya ƙara wa aikin nan zafi. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin samun wuta fiye da kowa, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ga kuma litar dizal da ta daɗe da haura naira dubu, kuɗin hidima ya tashi a kusan ko'ina, 'yan haya kuma suna ganin sun biya da tsada don haka ba sa karɓar uzuri. Fushin da ya kamata ya tafi wajen kamfanin rarraba wuta ko mai gida, a kan wanda suke gani a tsakar gida yake sauka. Idan ba a zauna an fahimtar da sabon ma'aikaci yadda ake raba kuɗin mitar da ke ɗauke da fitilun waje da injin ruwa ba, to an tura shi fagen fama ne hannu rabbana.

Maman Biyu:
Ni 'yar haya ce a Lokogoma, ba manaja ba, amma ina ganin muna da hannu a cikin maganar. A gidan da muke, ba a taɓa sanar da mu cewa an canja mai kula da gida ba. Sai dai kawai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da rana, maigidana yana wurin aiki, wani baƙon namiji ya ce shi ne sabo, ya zo duba mita. Ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba, daga nan kuwa shi ya ɗauka wulaƙanci ne, ni kuma na ɗauka rashin tsari ne, muka fara zama da ƙullin juna a kan laifin da ba namu ba. Saƙo ɗaya mai ɗauke da hotonsa da sunansa da ya isa ya hana wannan. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ga maƙwabtan da suke aiken mai kula da gida sayen gas da kai yara makaranta da wanke mota, idan ya ƙi a ce ba shi da ladabi a kai ƙararsa. Ya kamata kamfani ya rubuto wa 'yan haya iyakar aikinsa, domin sabon mutum ba shi da bakin da zai ce wa matar da ta girme shi a'a.

Malam na Tawa:
Ina so na ƙara wani abu game da masu gadi, tunda Hajiya ta ce tana da takwas. Da yawa daga cikin masu gadin gidaje a Kano da Kaduna da Abuja 'yan ci-rani ne, wasu daga ƙauyukan Arewa, wasu daga wajenmu a Nijar, kuma mutumin da ke da gona ba ya jin ya bar noma don ya samu aikin gadi. Da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni hankalinsa ya koma gida. Manajan da bai san wannan ba sai ya wayi gari ya ga an kawo masa wani ƙane ko ɗan ɗaki an ce shi zai riƙe, ko kuma ya ga wurin babu kowa, ya ce an ci amanarsa. Wanda ya san kan abin tun ranar ɗaukar aiki yake tambaya: kana noma? Wane wata kake tafiya, wa zai tsaya maka? Sai a kawo mai riƙon tun da sauran mako biyu, a ɗauki bayanansa, ya koyi fuskokin mutanen gida da motocinsu, a kuma tabbatar wa mai tafiya cewa idan ya dawo bayan girbi wurinsa yana nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san masu gadin da suka shekara goma a gida ɗaya a kan wannan tsari.

Alhaji Mai Gidaje:
Barista, na ji gyaranka a kan jingina, zan sake dubawa, ko da yake ban taɓa hana kowa kuɗinsa ba idan lokaci ya yi. Amma ku bar ni na faɗi abin da ku masu cewa a koyar ba ku faɗa ba. Na taɓa ɗaukar wani yaro bai san bambancin filas da sukundireba ba, na haɗa shi da mai gyaran wuta na biya kuɗin koyonsa, na ba shi ɗaki, na yi masa hidimar aure. Da ya ƙware, wani babban rukunin gidaje ya ƙara masa kuɗi kaɗan ya tafi. Ni na yi shuka, wani ya girbe. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu ba ma son zuba ƙarfi a kan sabon ma'aikaci.

Tsohon Mai Kula da Gida:
Ranka ya daɗe, shekara nawa ya yi maka kafin ya tafi, kuma sau nawa aka taɓa albashinsa a cikin shekarun?

Alhaji Mai Gidaje:
Shekara huɗu da wani abu ya yi. Ƙari kuwa sau ɗaya na yi masa, amma ai ɗaki da hidimar da na yi masa sun fi ƙarin albashi.

Tsohon Mai Kula da Gida:
Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi masa, amma shekara huɗu ba asara ba ce, Hajiya mako bakwai take kuka da shi. Kyauta kuma daban take da albashi, domin kyauta sai ranar da mai bayarwa ya ga dama, shi kuwa magidanci yana son ya san abin da zai shigo masa a watan gobe. A wuri na biyu da na yi aiki, abin da ya zaunar da ni shekara huɗu da rabi abu uku ne: albashi yana shiga ranar 27 ga wata ko da 'yan haya ba su biya ba, ina da ranar hutu guda a mako wadda wani yake karɓar wayar aiki, kuma an gaya mini tun farko cewa wanda ya riƙe bene ɗaya da kyau shi ake ɗagawa ya duba uku. Na ga an ɗaga wanda na tarar, shi ya sa na yarda.

Barista:
Hajiya, na yi lissafin ma'aikatanki daga bayaninki na farko, na samu 18 ban da na ofis. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka mayar naira 70,000 a watan Yulin 2024, ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, saboda haka mai yiwuwa ba ta hau kanki ba, ko da yake duk wanda kika ɗauka da wannan adadin zai auna abin da kike ba shi. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta hau kan kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, inda kamfani ke zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, sai dai idan masu gadin nan na wani kamfanin tsaro ne mai lasisi da kika ɗauko haya, a nan lissafin zai canja. Akwai kuma kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da ake biya wa asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wanda mai yaran da ke hawa tankin sama da taɓa wayar wuta bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo ki sa a cikin koyarwar makon farko: ki gaya wa sabon mai kula da gida cewa ko mai gida ne da kansa ya kira shi ya ce ya yanke wa wanda bai biya haya ba ruwa, ko ya cire masa ƙofa, kada ya yi. A Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida, sannan ta kwana bakwai, kuma kotu ce kaɗai take fitar da mutum. Sau da yawa wanda ya ba da umarnin yana can nesa, yaron da ya riƙe guduma shi yake kwana a ofishin 'yan sanda.

Hajiya Manaja:
Na gode ƙwarai, jama'a. Da yammacin nan na samu wanda ya tsaya wa yaron da ya tafi, ya haɗa mu a waya. Bayan dogon shiru ya ce mini kwana huɗu aka yi babu ruwa a hawa na uku, wani ɗan haya ya zage shi a gaban 'ya'yansa, ya kira ni sau biyu na ce masa muna jiran amsar mai gida. Na tuna kiran, kuma abin da na ce ke nan. Na nemi ya dawo, ya ce zai yi shawara da mahaifinsa. Na riga na rubuta wa mai benen cewa ko dai ya canja injin ruwan ya kuma bar mana kuɗin ƙananan gyare-gyare a hannu, ko kuma ya nemi wani kamfanin idan yarjejeniyarmu ta ƙare. Injiniya, saura tambaya ɗaya: nawa kake ganin ya dace a ba mai kula da gida izinin kashewa ba tare da ya kira ni ba?

Injiniya:
Kada ki yanke adadin daga ofis, Hajiya. Ki ɗauko rasit ɗin gyare-gyaren Gwarinpa na wata shida da suka wuce, ki ware waɗanda suka fi maimaituwa, irin su kan famfo da ƙwan fitila da fiyus da kuɗin aikin mai gyara, sai ki sa iyakar a inda za ta ɗauke mafi yawansu. Ki ba shi kuɗin a hannu tare da littafin rasit, ku zauna duk ranar Juma'a ku daidaita, kuma ki riƙa sake duba adadin duk bayan wata uku saboda yadda farashi yake tafiya. Injin ruwan kuwa, ki turo mini hoton farantin bayanai da ke manne a jikinsa da tsawon benen, na gaya miki girman wanda ya kamata a saya.